Ba Ta Kai Tiyar Gero Ba

Cikina na uku ya zo a shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana bununi. A ƙauyenmu, can arewa da Ɗanbatta, gona manne take da gona, in kana noma a taka kana jin tarin maƙwabci a tasa, don haka ba wanda ya iya ɓoye abin da ya samu. Kowa ya ga damman kowa. Maigidana ya saba ɗaure abin da zai kai mu wata kakar, amma a wannan shekara, da aka gama zuba rumbu, sai da ya zura rabin jikinsa kafin hannunsa ya taɓa hatsi. Ga kuma abin da rediyo take ta kira ostariti, wato tsuke bakin aljihun gwamnati. Sabulu, kananzir, sikari, duk sun zama abin nema. Bai jira an gama roron wake ba ya tafi Kano cin rani, ya samu leburanci a wurin magina. Ya bar ni da yara biyu da mahaifiyarsa, wadda kowa a gidan yake kira Inna.

Haihuwata biyu na farko a ɗaki na yi su, ungozoma yankan cibiya kawai ta tarar. Saboda haka ban taɓa zuwa awo ba, ban kuma ga dalilin zuwa ba. Na gama firamare, ina karanta Hausa da ɗan Turanci, amma a ganina asibiti na marar lafiya ne, ciki kuwa ba ciwo ba ne.

Da cikin ya shiga wata bakwai sai silifa suka daina shiga ƙafata. In na danna ƙaurina da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba, kamar an danna curin fura. Na nuna wa Inna. Ta duba ta ce, "Namiji ne. Cikin namiji shi yake kumbura ƙafa. Da cikin yaron nan haka na yi." Maigidana ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa. Ta jiƙa mini saiwar maganin zaƙi a ƙwarya, ina sha safe da yamma.

Daga ƙafa sai hannu, sai fuska. Sannan ciwon kai ya zo ya zauna a goshina. In na sunkuya hura wuta sai na riƙa ganin tartsatsi yana yawo, ko da wutar ba ta kama ba. A lokacin ɗinkin hula nake yi, tunda gyaɗar da zan yi ƙuli ta yi wuya. Wata rana na zauna na kasa zura zare, ina ganin kafar allurar ta zama biyu. Na ajiye, na ce gajiya ce da ƙarancin abinci. Tuwo sau ɗaya muke yi a rana, da safe ɗumame in ya ragu, in bai ragu ba koko.

Ba ciwona ne ya kai ni asibiti ba. Ƙyanda ce ta shigo ƙauyukan gefenmu, mai unguwa ya sa aka yi shela a kai yara allura a asibitin sha-ka-tafi na garin da muke cin kasuwarsa. Na goya ƙaramin yarona, na sa tsofaffin takalman maigidana, na bi mata muka tafi a ƙasa.

Malamar da ke yin allurar gajeriya ce mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Da layi ya zo kaina ta yi wa yaron allura, ta ɗago za ta kira ta bayana, sai ta tsaya tana kallona.

Ta ce, "Ke, dama haka fuskarki take?"

Na ce, "A'a Malama, ciki ne."

"Na ga ciki. Kanki yana ciwo?"

Na ce yana yi. Ta ce in zauna a benci in jira ta. Sai da ta sallami kowa sannan ta shigar da ni ciki, ta ɗaura mini wani baƙin kyalle a damtse, ta yi ta matsa roba har hannuna ya yi tsami, tana saurare da abin kunne. Ta kwance, ta ce in kwanta in huta. Can ta sake ɗaurawa. Sannan ta ba ni kwalba ta ce in yo fitsari. Ta zuba shi a wata siririyar kwalba, ta kara a kan 'yar fitila, ina kallo saman ya yi fari ya dunƙule kamar farin ƙwai a ruwan zafi.

Ta ce, "Jininki ya hau, ya hau ƙwarai. Ni ba ni da abin da zan yi miki a nan. Yau za ki tafi babban asibiti, ba gobe ba."

Na ce maigidana ba ya gari, ba zan iya tafiya ba da izininsa ba. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, "Wa yake gidan?" Na ce uwarsa. Ta rubuta takarda ta ba ni, ta ce in gaya wa uwar tasa abin da ke bin bayan wannan kumburi: mace tana zaune sai ta faɗi tana jijjiga, ido ya kakkafe, ta ciji harshe, wani lokaci a rasa ɗa, wani lokaci a rasa su duka biyun.

A hanyar komawa ina ta shirya yadda zan faɗa, don na san Inna ba ta son asibiti. Na tarar da ita tana tsince wake a faifai. Na gaya mata kamar yadda aka gaya mini, ban rage ba. Da na zo kan cizon harshe sai hannunta ya tsaya.

Ta ce, "Harshe ta ce?"

Na ce, "Eh, Inna."

Ta ture faifan gefe. Sannan ta ce tana da ƙanwa wadda suke ciki ɗaya, da cikin fari ta faɗi a bakin turmi tana jijjiga, ta ciji harshe har jini ya ɓata mata zane. Aka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka yi rubutu, kwana biyu ta rasu da cikin a jikinta. Ta ce, "Ita ma ta kumbura. Mu muka ce ƙiba ce." Shekarata bakwai a gidan, ban taɓa jin tana da wannan ƙanwa ba.

Na ce, "To izinin fa?"

Ta miƙe tana kakkaɓe zane. "Ni na haife shi. Ɗauko mayafinki."

Muka bar yaran wurin matar ƙanen maigidana, muka fita bakin titi muka samu a-kori-kura mai ɗauke da buhunan gawayi. Direban ya sa ni a gaba, Inna ta hau baya.

A babban asibiti ba su bar ni na dawo ba. Aka ba ni gado a ɗakin masu ciki, aka ce in kwanta ta gefen hagu, kada in tashi sai fitsari. Ƙwayoyi safe da rana da yamma, awon jini kuwa har na daina lura da sau nawa. Ni da ban taɓa wuni a kwance ba sai ga ni ina kallon silin, ina tunanin wa zai yi wa yarana daka. Inna kuwa ta shimfiɗa tabarma a baranda tare da sauran masu jinya, ta samu duwatsu uku a bayan ginin tana dama mini kunu. Likita ya hana gishiri da yawa, ya hana kanwa gaba ɗaya. Inna ta ce miya ba gishiri ai wankin tukunya ce, amma ta bi.

Aka aika wa maigidana ta bakin wani direba. Ya zo ranar Juma'a, da siminti a faratansa. Ya tsaya a bakin gado, "Sannu" yake ta maimaitawa. Daga baya ya gaya mini bai gane ni ba da farko, sai da na yi magana.

Na yi kwana goma sha biyu a haka. Jinin yakan sauka ya sake hawa. A rana ta goma sha uku na tashi da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da amai. Likitan ya zo ya duba, ya kira maigidana da Inna, ya ce maganin wannan ciwo ɗaya ne, a raba ni da cikin. Ya ce abin da ke cikin ma ba ya samun abinci yadda ya kamata, don ciwon yana matse hanyar da jini ke bi ya kai masa, shi ya sa cikin bai kai girman watanninsa ba. Inna ta ce wata takwas ne fa, kuma an ce ɗan wata takwas ba ya rayuwa, gara bakwaini. Likitan ya ce wannan magana ce kawai, kowane kwana a ciki ƙari ne, amma yanzu kwanakin sun ƙare. Maigidana ya dangwala yatsa a takarda.

Aka sa mini ruwan naƙuda da hantsi, na haihu bayan la'asar. Ba namiji ba ce. Ba ta yi kuka nan da nan ba, sai da aka murza bayanta, sannan ta yi wata 'yar ƙara kamar ta ɗan mage. Da aka ɗora ta a sikeli aka faɗi nauyinta, bai kai kilo biyu ba. Inna ba ta san kilo ba. Ta karɓe ta a tafin hannu biyu, ta ɗan jinjina, ta ce, "Wannan ai ba ta kai tiyar gero ba." Fatarta ta yi mata yawa, duk ta tattare a cinya kamar ta sa rigar wani. Kanta kuwa daidai yake, idonta a buɗe tar.

Akwai kwalbar da ake sa irin waɗannan jarirai, amma wuta ba ta zama, kuma akwai waɗanda suka fi ta buƙata. Wata tsohuwar nas ta ce in sa ta a ƙirjina cikin riga, fata da fata, in ɗaura zane a kai, kada in ajiye ta sai dole. Ba ta da ƙarfin tsotso, sai na tatsa a kofi ana ɗiga mata da ƙaramin cokali. A gida mun saba zubar da nonon farko, dakashi, a ce yana da dauɗa. Tsohuwar nas ta tsaya a kaina sai da ta ga an ba ta shi duka. Bayan mako biyu ta fara kama nono, jinina ya ɗan sauka, aka sallame mu da ƙwayoyi da gargaɗi: ba kunun kanwa, ba wankan tafasasshen ruwa, in riƙa zuwa sha-ka-tafi ana auna ni.

An raɗa suna muna asibiti. Da muka dawo aka yi ɗan taro, ba rago sai akuya. Mata suna shigowa, in na buɗe zanen sun leƙa sai su ce, "Allah ya raya," amma da irin muryar da ake yi wa mutum ta'aziyya. Wata ta ce mini kada in sa ta a rai sosai. Wanzami ya zo zai cire mata belu, maigidana ya leƙa bakin, ya ga ko ɗan yatsa da ƙyar zai shiga, ya ce a bari sai ta yi ƙwari. Har yau ba a cire ba.

Rigimar da na sha ba da Inna ba ce, da mahaifiyata ce, wadda muke kira Iya. Ta zo daga garinmu don ta yi mini wankan jego, da ganyen darbejiya da ƙullin kanwa a kayanta. Na gaya mata abin da likita ya ce. Ta ce, "Haihuwa tara na yi, kowace sai da na yi arba'in ina wanka ina shan kunu. In sanyi ya shige ki, likitan ne zai yi jinyarki?" Aka daidaita a kan ruwa mai ɗumi da kunun tsamiya. Kwana kaɗan na ji ɗanɗanon kunun ya sauya. Na ci gaba da sha, don ba na iya musu da Iya, kuma gaskiya ni ma ina son sa. Ruwan wankan ma kullum yana ƙara zafi.

Cikin mako guda ƙafata ta sake tashi, in na je rijiyar gida na dawo sai na zauna ina haki. Ranar kasuwa na je wurin malamar mai tabarau, Iya ta raka ni. Ta auna ni, ta danna ƙafata, ta ce, "Wa yake ba ta kanwa?" Ta juya wurin Iya, ta sassauta murya, abin da ban taɓa jin ta yi ba.

Ta ce, "Iya, na san don ƙauna kike yi. Amma zuciyar 'yarki ta gaji. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, ga zafin ruwa a kai. In zuciyar ta kasa, wa zai shayar da wannan abar? Madarar gwangwani ko a birni yanzu nema ake."

Iya ta dubi jaririyar da ke cikin rigata. Muka kamo hanyar gida. Washegari ta ba Inna sauran kanwar ta ce a zuba wa awaki a ruwa. Ta ƙarasa arba'in ɗinta tana yi mini wanka da ruwan da za a iya tsoma hannu, tana yi tana mita, har ranar da ta tafi.

Daga nan rayuwata ta koma ta wata-wata. Malamar ta ba ni kati mai layuka biyu da suke hawa kamar hanya. Kowane wata sai in kai yarinyar, a sa ta a wani wando mai igiya a rataye a sikeli, tana wutsil-wutsil, malamar ta ɗiga biro a katin. Ɗigon sauran yara yana faɗawa tsakanin layukan. Nata kullum a ƙasa. Wata na huɗu na kasa daurewa, na ce, "Malama, yaushe za ta shiga hanyar?"

Ta ce, "Wataƙila ba za ta shiga da wuri ba. A baya ta taso. Kada ki dubi inda na wasu yake, ki dubi nata, yana hawa ko yana kwance? Muddin yana hawa, ki gode Allah."

Yana hawa ɗin, amma kamar tsohuwa a tudu.

Da ta wuce wata shida malamar ta ce nono kaɗai ba zai riƙe ta ba, kuma koko tsura ruwa ne. A sa gyaɗa a kunun, ko wake da aka soya aka niƙa, a ɗiga man gyaɗa ko manja, a ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana. Lokacin damina ta faɗi, an yi shuka, rumbu ya ƙare. Garin rogo muke ci da tafasa da zogale, wani lokaci masarar da maigidana ya auno. Gyaɗa ɗaya ce a gidan: ragowar iri da ya ɗaure a buhu ya rataye a ɗakinsa, yana jiran ruwa ya zauna ya shuka a 'yar gonar bayan gari. Na gaya wa Inna abin da aka ce, ban roƙi komai ba. Da ya fita gona ta shiga ɗakin ta kwance buhun ta ɗebo kwano guda. Bayan kwana biyar ta sake. Ranar da ya sauke buhun zai tafi shuka ya ji ya yi sakayau. Ya fito tsakar gida da shi a hannu.

Ya ce, "Wa ya taɓa irin nan?"

Inna tana zaune da yarinyar a cinya tana ba ta kunu da cokali. Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ni ce. Ga inda na shuka shi."

Ya tsaya yana kallonsu, ransa a ɓace, don shi ma yana da gaskiya, abin da aka ci yau shi ne abin da ba za a girba ba. Ya juya ya fita da abin da ya rage. Rabin gonar ya samu gyaɗa, rabin ya zuba wake. Kwana biyu ba ya cin abinci a gida. A na uku ya dawo daga kasuwa da kaza mai ƙwai a hammata, ya sake ta a tsakar gida, ya ce ta yarinyar ce. A garinmu ba a ba yara ƙwai, ana cewa sukan tashi da sata. Na riƙa dafawa ina murje gwaiduwar a kunu, a cikin ɗaki, don kada a gani a yi magana.

Komai nata a makare ya zo. 'Ya'yan da aka haifa tare da ita suna rarrafe, ita ba ta zauna ba. Ta zauna a wata tara, a cikin kwando da na kewaye da tsumma. Ta yi rarrafe bayan shekara. Ana cikin haka zawo ya kama ta, aka ce haƙori ne. Kwana huɗu ya kwashe abin da muka tara a wata uku, maɗigarta ta faɗa, idonta ya zurma. Malamar ta koya mini haɗa ruwan gishiri da sikari, sikarin ma sai da maigidana ya je har Ɗanbatta ya samo. Na wuni ina ɗura mata cokali-cokali, tana amayarwa ina sakewa. A watan nan ɗigon ya sauko ƙasa, karo na farko. Na fito daga asibitin na zauna a gindin wata tsamiya na yi kuka, wanda ban yi ba ko ranar da aka ce za a raba ni da cikin. Wata biyu kafin ya koma inda yake.

Baki kuwa bai makara ba. Tun ba ta tsaya ba take kiran sunan kaza da akuya, tana kwaikwayon yadda Inna take salati in ta tashi daga zaune. Mutane suka fara cewa gurguwa ce, wasu suka ce a kai ta a yi mata ƙaho a gwiwa. Malamar ta lanƙwasa ƙafafun, ta miƙe su, ta ce lafiyarsu ƙalau, ƙarfi ne bai zo ba, in bar ta a ƙasa ta yi ta fama, in rage goyo. Ta taka tana da shekara biyu ba wata ɗaya. Ba ni ta nufa ba. Inna ce ta ajiye ƙwaryar fura a kan turmi, ta saki bango ta tafi wurinta, taku biyar, ta kama ƙwaryar ta kifar.

Ban yaye ta ba sai da ta kusa shekara biyu da rabi, kuma ba a kai ta gidan kaka ba kamar yadda aka yi wa yayyenta, a gabana aka yaye ta. Likita ya riga ya gaya wa maigidana tun a asibiti cewa in huta sosai kafin wani cikin, kuma ya ji. Sai da ta shekara huɗu na sake haihuwa. Wannan karon tun wata uku na fara awo, jinin ya ɗan motsa a ƙarshe, aka riƙe shi da magani, na haifi namiji cikakke. Amma hawan jinin bai rabu da ni ba. Ya tafi wasu shekaru, ya dawo da na manyanta, har yau ina shan ƙwaya kowace safiya.

Shekarun suka ɗan yi sauƙi, aka samu damina biyu masu kyau a jere. Ita dai ba ta kamo tsararrakinta a tsawo ba. Ƙanenta yana shekara uku ya kusa kai ta. Ba ta cika ciwo ba, tana cin abinci, tana faɗa da wanda ya tsokane ta, amma ƙarama ce.

Da ta cika shekara shida na kai ta makarantar firamare ta garin kasuwa. A lokacin ba a tambayar takardar haihuwa. Yaro zai ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunnen ɗaya gefen, in ya kamo ya isa shiga. Ta ɗora, yatsunta suka tsaya can sama da kunnen. Hedimasta ya ce a dawo baɗi. Na ce shekararta shida cif, ya ce kowace uwa haka take faɗa. Muka dawo. A wannan shekarar ta riƙa zama kusa da yayarta in tana karatu, ni kuma ina rubuta mata baƙaƙe da gawayi a bangon madafa.

Da shekara ta zagayo muka koma. Ta ɗora hannu, ta karkatar da kai, ta miƙe a kan yatsun ƙafa kamar hakan zai taimaka. Saura kaɗan, amma bai kai ba. Hedimastan ya buɗe baki zai yi magana, sai ta sauke hannun ta nuna allon da ke bayansa.

Ta ce, "Malam, an rubuta 'Litinin' a can, yau kuma Talata ce."

Ya waiwaya ya duba. Na jiya ne ba a goge ba. Ya dube ta, ya dube ni, ya ɗauko wani littafi a tebur ya buɗe ya ce ta karanta. Ta karanta layi biyu tana bin su da yatsa, ta tsaya a wata doguwar kalma, ta haɗa ta a hankali har ta fita. Ya jawo rajista ya tambaye ni sunan mahaifinta.

Aka sa ta a bencin gaba, don in ta zauna a baya ba a ganinta. Ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, sai malamin ajin ya samo bulo ya ajiye mata. Rigar makarantar da aka ɗinka mata a aji ɗaya ita ta sa har aji uku.

Yanzu tana da 'ya'ya huɗu, tana koyarwa a wata firamare kusa da Minjibir. Tsawonta bai wuce kafaɗata ba. Babban ɗanta ya fi ta tsawo tun yana aji shida, in suna tafiya tare a hanya ita ce a gaba, yana bin ta da jaka.